DARASI NA SHIDA: SHUKA DA RENON FUREN ASTA NA KAN TSAUNI

6.1 Gabatarwa

A wannan darasi za a yi bayani a kan wani gajeren fure da ake yi wa lambu ado da shi a ƙasashen Turai, wato asta na kan tsauni. Za a duba asalinsa da siffarsa, da yadda ake shuka shi da renonsa. Ana fata a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana waɗannan matakai daki-daki, kuma ya gane cewa sanin mahaifar tsiro shi ne mabuɗin renonsa.

6.2 Asali da Siffa

Kalmar asta ta samo asali ne daga harshen Girkanci, ma'anarta tauraro, saboda furen yana baza kunnuwansa kamar hasken tauraro. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa wannan nau'i sunan Aster alpinus a shekarar 1753. Yana fitowa da kansa a tsaunukan Turai, musamman na Alps, har tsayin kusan mita 3,000, haka kuma a tsaunukan Asiya da na yammacin Arewacin Amurka. Ko da yake baƙo ne ga Bahaushe, danginsa ba baƙi ba ne, domin shi da latas da shuwaka gidansu ɗaya a rabe-raben masana.

Tsawonsa ba ya wuce santimita 15 zuwa 30. Ganyayensa na taruwa ne a gindi, dogaye masu kama da cokali, sannan kowane kara ya miƙe ɗauke da fure guda. Launinsa na asali shunayya ne mai tsakiya rawaya, amma akwai fari da kuma ruwan hoda. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne: na tsakiya a cunkushe, na gefe kuma a baje. Wannan taro ne ke jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi.

Asta na cikin tsirrai masu sake toho duk shekara. Gero yakan gama rayuwarsa a damina guda, amma gamba ko an yanke ta gindinta na nan da rai, da ruwa ya sauka sai ta farfaɗo. To, asta ɗabi'ar gamba gare shi, sai dai shi sanyi ne ke kwantar da shi, ba rani ba.

6.3 Zaɓen Wuri da Shuka

A kan tsauni rana na da yawa, iska na kaɗawa, ƙasa kuma tsakuwa ce wadda ruwa ba ya kwana a cikinta. Wannan yanayi shi mai lambu zai kwaikwaya. Saboda haka sai a zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini. Idan ƙasar laka ce, a cakuɗa ta da rairayi da tsakuwa, ko a tayar da kunya. Shi ya sa Turawa suka fi dasa shi a tsakanin duwatsu ko a bakin hanyar lambu. Yana kuma jin daɗin ƙasa mai alli.

Hanyoyin samun sa biyu ne:

(i) Ta iri: a yafa irin a kan ƙasa mai laima a cikin kasko, a rufe shi sama-sama. Irin da ya sha sanyi na 'yan makonni ya fi saurin tsirowa. Wanda aka samu ta wannan hanya yawanci sai a shekara ta biyu yake fure.

(ii) Ta rabon gindi: a tono babban gindi, a raba shi gida-gida, kowane kashi da saiwarsa da tohonsa, a dasa nan take.

Wajen dashe a bar tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin gindi da gindi, kuma kada a binne wuyan tsiron.

6.4 Reno

A nan ne akasarin masu lambu ke kuskure, domin yawan gata ya fi sakaci kashe asta. Sabon dashe na buƙatar ban-ruwa har ya kama ƙasa. Bayan haka sai ƙasar ta sha iska a ƙara masa, kuma a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Dusar ƙanƙara ba ta cutar da shi, amma idan ruwa ya kwanta masa a lokacin sanyi saiwar sai ta ruɓe. Haka taki: in ya yi yawa sai kara ya yi tsawo ya langaɓe, ganye ya yawaita, fure ya ƙaranta.

A Turai yana fure ne daga watan Mayu zuwa Yuli. Duk furen da ya yanƙwane sai a tsinke shi, don kada ƙarfin tsiron ya ƙare wajen yin iri. Da yake ba mai dogon rai ba ne, ana raba gindinsa bayan shekara 2 ko 3, a yar da tsakiyar da ta tsufa, a dasa gefen. Manyan abokan gabansa su ne farar funfuna mai hawa ganye idan an cunkusa shuka, da dodon-koɗi mai cinye sabon toho.

6.5 Abin Lura ga Malami

Littattafan lambu na Turai sukan ce a yi dashe a lokacin da muke fassarawa da bazara. Bazararsu kuwa lokaci ne na fitowa daga sanyi, mai laima da ni'ima, alhali tamu ita ce tsananin zafi. Malamin da ya kawo kalmar ba tare da sharhi ba, ya ɓatar da ɗalibansa. Ya fi dacewa ya ambaci wata da yanayin wurin, ya kuma faɗa musu cewa tsiron da ya saba da sanyin tsauni ba ya jure zafin Kano ko Sakkwato.

6.6 Kammalawa

An ga cewa buƙatun asta huɗu ne: rana, da ƙasa mai tsane ruwa, da sanyi, da rabon gindi a kan kari. Dukkansu kuwa daga mahaifarsa aka gano su.

6.7 Auna Fahimta

1. Kwatanta rayuwar asta da ta gero da gamba.
2. Me ya sa aka ce yawan gata na kashe wannan fure?
3. Zaɓi wani tsiro na yankinku, ka bayyana renonsa bisa tsarin wannan darasi.