Fitar da Maƙala Kafin Tantancewa

Bisa al'ada, mujalla ba ta buga maƙala sai masana sun tantance ta, abin da kan ɗauki watanni. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv a Amurka, inda manazarta ke ajiye ayyukansu kafin tantancewa. Masana harshe kuma suna da LingBuzz.

Ɗalibin da ya nazarci karin harshen Magariya da Dungas a jihar Damagaram zai amfana da wannan hanya. Ranar ajiyewa shaida ce cewa shi ya riga, kuma 'yan ƙasar za su iya gyara masa karin sauti ko tsawon wasali. Sai dai kuskure kan yaɗu kafin gyara ya riske shi. Saboda haka wajibi ne mai kafa hujja da irin wannan maƙala ya bayyana cewa ba a tantance ta ba.