Auna Fahimtar Bayanan Lafiya ga Iyayen Yara Masu Asma: Ina Matsayin Harshe?

Asma cuta ce da ke ƙuntata hanyoyin numfashi, kuma yawancin jinyarta a gida ake yi. Iyaye ne za su gane alamun tashinta, su bambanta maganin shaƙa na gaggawa, irin su salbutamol, da na kullum mai rage kumburin hanyoyin iska, su kuma san lokacin da ya wajaba a garzaya asibiti. Don haka masu bincike ke son sanin iyakar abin da iyaye suka fahimta daga bayanin likita. Wannan darasi zai nuna cewa ma'aunin da ake amfani da shi yana ɗaure da harshen da aka gina shi a ciki.

Ma'aunai uku daga Amurka

Na farko shi ne REALM, wanda ya fito a 1991, aka taƙaita shi zuwa kalmomi 66 a 1993. Ana ba mutum jerin kalmomin likitanci ya karanta a fili, a ƙirga waɗanda ya furta daidai. Na biyu, TOFHLA na 1995, yana sa a cike gurbin kalmomi cikin nassi, a kuma yi lissafi kan umurnin shan magani. Na uku, NVS na 2005, tambayoyi shida ne kan bayanin abincin da ke jikin mazubin askirim.

Inda ilimin harshe ya shigo

REALM ya yi aiki a Ingilishi ne domin rubutun harshen ba ya bin furucinsa sau da ƙafa. Wanda ya furta kalma mai wuya daidai, galibi ya taɓa saninta. Da aka gwada tsarin a Sifaniyanci, inda harafi da sauti suke tafiya tare, sai ya kasa rarrabe masu fahimta da marasa ita. Wannan ne ya kai ga SAHLSA a 2006, inda bayan karanta kalma ake zaɓar wadda ta dangance ta a ma'ana daga cikin biyu.

Hausar boko ta fi kusa da Sifaniyanci ta wannan fuska. Ko da yake ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, duk wanda ya iya haɗa baƙi zai furta kalmar da bai san ma'anarta ba. Fassara REALM zuwa Hausa, ke nan, karatu zai auna, ba fahimta ba.

Akwai wasu matsaloli biyu a ƙasarmu. Ta farko, takardar magani da Faransanci ake rubuta ta, alhali uwa a Maraɗi ko Tawa na iya zama gwanar ajami, ko kuma ta riƙe bayanin baka daram. Ma'aunin da ya dogara ga boko kaɗai zai ɗora mata jahilcin da ba nata ba. Ta biyu, kalmomin kansu: "fuka" na nufin asma a bakin mutane da yawa, amma "tarin fuka" wata cuta ce dabam, mai yaɗuwa. Tambayar da ba ta kiyaye wannan ba, amsarta ba abin dogaro ba ce.

Abin da ya fi dacewa

A yi tambaya da baki, cikin karin harshen yankin. A nemi uwa ta maimaita umurnin likita da kalmominta, ta nuna yadda take shaƙa wa yaro magani, ta faɗi abin da za ta yi idan numfashinsa ya sarƙe da dare. Nan ne fahimta ke bayyana, kuma ran yaro a kanta ya rataya.

Aikin gwaji

Ku tattara kalmomin da ake kiran asma da alamunta a unguwanninku, ku kwatanta na Damagaram da na Adar, sannan ku tsara tambayoyin baka biyar da ba su buƙatar karatu.