Husufin Rana: Abin da Ya Kamata Hakimai Su Sani

Duniyarmu ɗaya ce daga cikin duniyoyi 8 masu kewaya rana. Shi kuwa wata, duniya yake kewayawa. Nisansa daga gare ta wajen mil 239,000 ne, na rana kuwa mil miliyan 93. Saboda kusancin nan ne wata, duk da ƙanƙantarsa, yake iya rufe fuskar rana.

In wata ya gitta tsakanin rana da duniya, inuwarsa takan faɗo a kan ƙasa. Wannan shi ne husufin rana, kuma ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. Haka aka yi ran Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf, gari ya yi duhu na 'yan mintoci. A Malumfashi da Funtuwa ma mutane sun ga haskenta ya dushe.

Husufi ba alamar mutuwar wani babba ba ne, ba ya kuwa ɓata dawa ko auduga. Masana sukan lissafta ranarsa tun da sauran shekaru. Sun ce za a ga wani sashe na rana ya rufe a ƙasar Hausa ran 2 ga Agusta, 2027.

Haɗarinsa ga ido yake. Wanda ya ƙura wa rana ido yana iya samun lahanin da ba ya warkewa, kuma baƙin tabarau ba ya tsarewa. Saboda haka lalle hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su yi shela tun da wuri, a tsare yara musamman. Rigakafi ya fi magani.