Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Bambance Malam Buɗe Littafi

Tambaya: Ina koyarwa a firamare a Yangoji, ƙaramar hukumar Kwali. Da damina yara kan kamo malam buɗe littafi kala-kala su ce in gaya musu bambancinsu. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Najeriya tana da irinsu sama da 1,000, amma na kullum a gonakinku kaɗan ne. Shawarata ki fara da ganye, domin kowane iri yana da shukar da macen ke sa ƙwai a kai, tsutsarsa ta ci.

Je ki gindin tumfafiya. Wanda za ki gani mai launin ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, yana tashi a hankali ba tsoro, shi masana ke kira Danaus chrysippus. Tsutsarsa tana kwasar dafin tumfafiya ta ajiye a jiki, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale shi. Na yankinmu fiffikensa na baya fari ne akasari. Amma akwai mai kwaikwayonsa, macen Hypolimnas misippus, wadda ba ta da dafi sai dai ta aro kamanninsa don ta tsira. Duba tsakiyar fiffiken baya: na tumfafiya yana da ɗigon baƙi uku ko huɗu, ita ba ta da su. Namijinta kuwa baƙi ne mai manyan ɗigon fari da shuɗi kewaye, har yara kan ɗauka wani iri ne dabam.

A bishiyar lemo akwai babba, baƙi mai zanen rawaya. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta koma kore, in an taɓa ta ta fito da ƙaho biyu mai wari.

Farare da rawayan da ke taruwa a bakin kududdufi gishirin ƙasa suke tsotsa, kuma yawancinsu maza ne. Tafasa da rai-ɗore ne abincin tsutsar da yawansu.

Wanda ke zuwa fitila da dare faɗa-wuta ne. Ƙahon malam buɗe littafi yana da ƙulli a ƙarshe, kuma in ya sauka yakan haɗe fikafikansa sama. Ki roƙi yaran su riƙa kallo ba kamawa, don garin da ke manne musu a yatsa shi ne launin fiffiken, kuma ba ya sake fitowa.