Kalmar "Diyya" da Haƙƙin Ma'aikacin da Ya Samu Rauni a Bakin Aiki

Tsakure

Maƙalar ta ƙwanƙwance yadda ake amfani da kalmar "diyya" wajen bayyana kuɗin da dokar Nijeriya ta shekarar 2010 ta tanadar wa ma'aikacin da rauni ko cutar wurin aiki ta yanke wa hanyar samu. An kwatanta ma'anar kalmar a fiƙihun Malikiyya da tanade-tanaden dokar, aka gano cewa sun saɓa ta fuskoki uku, kuma wannan saɓani yana iya sa mai haƙƙi ya bar haƙƙinsa.

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke ta 1987. Dokar ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma haramta a cire wannan kaso daga albashin ma'aikaci. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba kiran irin wannan biya "diyya". Sai dai kalmar ta shigo Hausa daga Larabci ɗauke da hukunce-hukuncenta, waɗanda almajiran ilimi ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid.

2.0 Matakan Neman Haƙƙi

Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da mai aiki cikin kwana 14 da aukuwar raunin, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ana shigar da takardar nema cikin shekara 1, amma idan akwai uzuri na musamman hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Dokar ta haɗa da cututtukan da sana'a ke haifarwa, da raunin ji, da taɓuwar tunani sakamakon aiki, da haɗarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba yana da damar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

3.0 Wuraren Saɓani

Na farko, diyya a fiƙihu tana buƙatar wanda ya aikata, da ganganci ko bisa kuskure. Dokar 2010 kuwa ba ta neman a tabbatar da laifin kowa. Abin dubawa shi ne raunin ya samo asali daga aikin. Leburan da inji ya kama wa hannu a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, idan ya ga sakacinsa ne ya jawo, yana iya ɗauka cewa babu wanda zai biya shi.

Na biyu, fiƙihu gaɓa yake aunawa: raƙuma 100 ga rai, 10 ga yatsa, 5 ga haƙori, ba tare da duban sana'ar mutum ba. Dokar kuma abin da aka daina samu take aunawa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Saboda haka mutum biyu masu rauni iri ɗaya suna iya karɓar kuɗi mabambanta.

Na uku shi ne yafiya. Bahaushe yana ganin mutunci da lada a cikin yafe diyya, musamman idan ya ce ƙaddara ce ta afka. Amma kuɗin wannan asusu an riga an tara su domin irin wannan rana. Wanda ya yafe bai sauƙaƙa wa maigidansa komai ba, iyalinsa kawai ya tauye.

4.0 Wurin Haɗuwa

Fiƙihun kansa yana da abin da zai kusanto da ma'anar. A kisan kuskure, aƙila, wato dangin mutum ta wajen uba, su ke haɗa diyyar su biya cikin shekara 3. Asusun NSITF ya fi kama da wannan tsari, domin jama'a ne ke ɗaukar nauyin da zai fi ƙarfin mutum guda.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa "diyya" ita kaɗai ba ta isar da manufar dokar. Ana ba masu fassara shawara su riƙa faɗaɗa ta zuwa "kuɗin maye gurbin albashi daga asusun ma'aikata", su kuma kawo misalin aƙila yayin bayani. Ma'aikacin da ya tsaya yana shawarar ko ya yafe ko kada ya yafe, kwana 14 na sanarwa suna iya wuce shi.