Darasi Daga Kumbon Da Ya Salwanta A Duniyar Mars

A ranar 23 ga Satumba, 1999, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dala miliyan 125. Bincike ya gano cewa manhajar da ma'aikatan kamfanin Lockheed Martin suka rubuta tana auna ƙarfin turin roka da ma'aunin fam, alhali masu sarrafa kumbon a cibiyar JPL sun ɗauka nyutan ne. Fam ɗaya kuwa nyutan 4.45 ne. Haka kumbon ya gangaro zuwa kimanin kilomita 57 daga doron Mars, ya halaka.

Abin takaici, akwai rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace ma'aunin da za a bi. Wasu ma'aikata ma sun lura alƙaluma na saɓawa, amma ba a bi kadin maganarsu ba.

Saboda haka ya kamata mai kamfanin manhaja ya hana karɓar aikin kowane ma'aikaci sai abokin aikinsa ya duba shi, an kuma gwada shi haɗe da na sauran. Duk wanda ya hango kuskure ya rubuta a rajista guda, shugaban aiki ya ɗora wa mutum ɗaya alhakin warware shi, tare da ranar da zai kawo bayani.