Filin Manoma: Tsare Ƙananan Shuke-shuken Lambu Daga Hunturu

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, raɓa ta kan daskare da dare ta kashe ƙananan shuke-shuke. A ƙasar Gwandu da Kalgo, cikin Jihar Kebbi, ruwa ba ya daskarewa, amma masu lambu suna da nasu abokin gaba, watau hunturu. Ya kan taso daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har Fabrairu, daidai lokacin da ake renon iri a fadama.

Ɓarnarsa iri uku ce. Iskar busasshiya ce, tana tsotse ruwan ganye da sauri fiye da yadda ƙaramar saiwa za ta mayar. Ƙura kuma ta kan rufe ganye ta tare masa haske. Sa'an nan da asuba sanyi ya kan gangara ya kwanta cikin kwari, gama iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Albasa da kabeji da latas da karas suna son sanyi, iskar kaɗai ke cutarsu. Amma tumatir da tattasai da barkono da kuɓewa su kan tsaya cik, iri ya daɗe bai tsiro ba. Wanda irinsa ya ƙone a Disamba, kafin ya sake reno ya dasa, zafin Maris ya tarar da shi, fure ya zube.

Abu na fari, mai lambu ya kafa darni na karan dawa ko zana ta gefen arewa da gabas. Kada ya matse shi ƙwarai, gara iska ta riƙa ratsawa kaɗan-kaɗan. Darni ya kan kāre wuri kamar ninki 10 na tsayinsa, watau mai ƙafa 6 zai tsare wajen ƙafa 60.

Na biyu, in ya zuba iri, ya lulluɓe fangali da busasshiyar ciyawa shara-shara. Da ganin tsiro sai ya kwashe ta, ya ɗaga 'yar rumfa kamar ƙafa 2. A rufe da almuru, a buɗe da hantsi, don tsiron da bai sha rana ba ya kan yi tsawo ba ƙwari.

Na uku, ban ruwa da la'asar, domin ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe ɗumin rana. Amma kada ruwa ya kwanta, sai gindin tsiro ya ruɓe.

In saura kwana 7 a yi dashe, a rage ruwa, a janye rumfa, tsiro ya saba da sarari. Tumatir ya kan isa dashe a mako 4 zuwa 5, albasa kuwa 6 zuwa 8. A dasa da yamma, a ba da ruwa nan take.

Karan dawa ba ya wuya bayan girbi. Mai hankali ya kan tanadi nasa tun shanu ba su shiga gona ba. Rigakafi ya fi magani.